Darasi Kan Tsirar Da Hatsi Ba Da Ƙasa Ba, Da Lissafin Da Ke Cikinsa

 

Dalilin wanga darasi shi ne tambayar da ta yawaita a rumfunan hatsi. Samari suna zuwa su auni masara ko alkama, ba don tuwo ba kuma ba don shuka ba. Sun ce za su jiƙa ta su shimfiɗa a tire, ba ƙasa ba taki, cikin mako guda ta zama ciyawa, su ba raguna. Wasu har suna rantsuwa cewa kilo 1 yana komawa kilo 6 ko 7, wai an sami hanyar da hatsi ke haihuwa a cikin ɗaki. Dillalan dabbobi sunka tambaye mu ko gaskiya ne. Amsa ita ce rabin zancen gaskiya ne, kuma ɗaya rabin shi ne inda kuɗin mutum ke nutsewa. Saboda haka mu bi shi daki-daki.

Ku sani, tsiro ba da ƙasa ba ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a bakin Kwara. Ga kainuwa nan muna gani tana yawo bisa ruwa, saiwarta a rataye, ba ta taɓa ƙasa ba. Iyayenmu mata kuma sun daɗe suna tsirar da shinkafa ko gero a cikin jiƙaƙƙen buhu, su shanya su niƙa, su zuba a kunun zaƙi don ya yi zaƙi ba da sukari ba. Masu noman shinkafar rani su ma suna jiƙa iri kwana guda, su rufe shi a buhu kwana ɗaya ko biyu har ya fasa baki, kana su watsa. Abin da Turawa sunka ƙara shi ne tsari da suna. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, shi ya yayata noman ruwa, kuma a 1937 anka raɗa masa sunan da suke kiransa da shi. To amma nasa noman na tumatir ne da makamantansa, wanda ake narka taki a cikin ruwan. Wanda muke magana a kai ba ya son taki ko kaɗan.

Me ya sa ba ya so? Domin kowace ƙwayar hatsi Allah Ya halicce ta da guzurinta. Ka fasa ƙwayar masara ka duba: akwai ɗan ido a gindinta, shi ne mai rai, sauran farin garin kuwa abincinsa ne. Idan ruwa ya shiga, idon ya farka, sai ya fitar da wani sinadari mai narka garin ya mai da shi sukari, ya riƙa sha yana tsawo. Wanga sinadari shi ne ke sa kunun zaƙi zaƙi, kuma shi ne ke sa idan an barbaɗa garin tsiro kaɗan a koko mai kauri sai ya tsinke nan take. Guzurin yakan kai kwana 8 zuwa 10. Bayan nan ya ƙare, sai ka ga ganyen ya fara ɗorawa yana kwantawa, domin ba ƙasar da zai nemi ƙari. Ku riƙe wagga magana ta guzuri, za mu dawo gare ta.

Fasali a kan yadda ake yi

Aikin ba shi da wuya. A nemi hatsi mai rai, wanda ƙwari ba su huda ba. A sheƙe shi, a zuba a ruwa, duk abin da ya taso sama a kwashe a zubar. Alkama a jiƙa ta daga magariba zuwa hantsi. Masara tana da taurin fata, tana son kwana guda cur. A tsane, a ƙulle a jiƙaƙƙen buhun algarara a ajiye a inuwa har farin baki ya fito. Sannan a shimfiɗa a tire mai huji a ƙasa, kauri kada ya wuce gaɓar yatsa guda. Wanda ba shi da tire ya tsaga jarka biyu ya huda ta da ƙusa mai zafi, ta isa. A ɗan karkata ta don ruwa ya riƙa zurarewa. A yayyafa ruwa safe da rana da maraice, in ana zafi a ƙara. Wuri ya zama mai iska da haske, amma rana kada ta doke shi kai tsaye. Ran kwana 7 ko 8 ganye ya kai taƙi guda, saiwoyi sun sarƙe kamar tabarma. A ɗaga ta ɗungum, a yayyaga, dabba ta ci ganye da saiwa da sauran ƙwaya duka. Mai son ya samu kullum sai ya ajiye tire 8, kowace safiya ya jiƙa sabo ya ɗaga tsoho.

Ruwan kuma ya zama wanda kai kanka za ka sha, na rijiya ko na burtsatse. Kada a ɗebo na kududdufi. Tire a wanke shi da sabulu a kife a rana kafin a sake zubawa.

Fasali a kan lissafi, kuma nan ne zancen yake

Gaskiya ne in ka ɗora tabarmar tsiro a sikeli za ta ninka nauyin hatsin da ka jiƙa sau 5 ko 6 ko fiye. Munka gwada da hannunmu munka gani. Amma ya ɗan'uwa, tambayi kanka: wanga nauyi daga ina ya zo? Ba ka zuba taki ba, ba ka zuba ƙasa ba. Ruwa kaɗai ka zuba. To ruwan ne kake aunawa. Busasshen hatsi ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ba, sauran duk abinci ne. Tabarmar tsiro kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Munka ɗauki tabarma guda munka shanya ta bisa rufin kwano har ta bushe ƙarau, munka mai da ta sikeli, ba ta kai nauyin hatsin da munka fara da shi ba. Masana kiwo da sunka auna abin a ƙasashe dabam-dabam sun sami haka nan: abincin yana raguwa, wani lokaci kashi 10 cikin 100, wani lokaci fiye da haka.

Ina ragowar ta tafi? Tsiron ya cinye ta. Mai rai ne, yana numfashi, yana ƙona guzurinsa don ya yi tsawo, kuma hasken mako guda bai isa ganye ya biya abin da anka ci ba. Kamar fatake ne da sunka tashi da guzuri: ran da sunka isa masauki jakar ta fi sauƙi, ba ta fi nauyi ba.

Mu da muke sana'ar awo mun san wagga dabara tun ba yau ba. Wanda ya yayyafa wa shanshera ruwa da dare don ta yi nauyi da safe, ba mu ce masa ya ƙara shinkafa ba, mun san sunan da muke kiransa. Bambanci shi ne mai tsiro kansa yake yi wa, in bai yi lissafi ba. Rago ba ya ƙiba da ruwa. In da yana yi, da babu ramammen rago a bakin tafkin Kainji.

To shi ke nan ba shi da amfani? A'a, yana da shi, sai dai a san wurinsa. Tsiro ɗanyen ganye ne, yana da sinadaran da busasshen hatsi da busasshen kara ba su da su. Dabbar da ta yi wata da watanni tana cin kara da ƙaiƙayi, in ta sami ɗanye kaɗan sai cinta ya buɗe. Kaji suna sonsa, kuma gwaiduwar ƙwansu takan ƙara launi. Zomaye ma haka. Wanda ke tsakiyar gari, ba shi da fili ba shi da yaron da zai yanko masa ciyawa, yana da rago ɗaya ko biyu a turke, wanga zai iya amfana, musamman yanzu da Babbar Salla ke matsowa cikin rani. A 2025 ta faɗo farkon watan Yuni, kuma kowace shekara tana ja baya da kwana 10 ko 11, ke nan shekaru masu zuwa kiwon layya zai riƙa faɗawa daidai lokacin da harawa ta fi tsada. Amma a ba da shi a matsayin mahaɗi, tare da dusa da ƙowa da harawa, a fara da kaɗan. In ka cika wa rago shi kaɗai, zawo zai biyo baya.

Mutanen bakin ruwa kuwa, a ganinmu wahala ce kawai. Tun da anka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta, duk shekara in ya janye yana barin fili mai laima, ga burugu nan yana fitowa kore shar, Fulani suna kawo shanu dominsa. Ga kuma ganye da ragowar lambunan rani. Mutumin Ngaski da ke da kwalekwale da lauje, me zai kai shi auno masara da kuɗinsa ya mai da ta ciyawa? Kowa ya duba farashin mudun masara a shafin farashi na wannan fitowa, ya duba na damin harawa da na buhun dusa, ya sa ladan ɗiban ruwa sau uku a yini, kana ya yanke wa kansa.

Akwai kuma matsalar yanayi. Alkama da sha'ir, waɗanda ake yin abin da su a ƙasashen waje, sanyi suke so. A nan sai da hunturu suke yin kyau, alkama ma ba ta da araha gare mu, sha'ir kuwa ba mu noma shi. Watan Maris da Afrilu, lokacin da anka fi bukatar ɗanyen, zafin Yelwa yana haura awo 40, tire yakan yi tsami kafin kwana 4. Masara ta fi jurewa, ita ma sai da ɗaki mai iska, na ciyawa ya fi na kwano.

Abubuwa uku suna iya kashe dabba, ko su cuci mutum. Dawa ita ce ta farko. Kowane manomi ya san gyauron dawa da ƙaramar dawa suna kayar da saniya. Dafin da ke cikinsu ɗan'uwan na rogo mai ɗaci ne, kuma ya fi yawa a sabon tsiro. Saboda haka kada a yi tabarmar dawa a ba dabba, ko da ita ce mai araha a kasuwa. Mata masu tsirar da ita don kunu suna shanyawa, su murje saiwa da tsiron su fece, sannan a dafa. Wancan dabam ne. Na biyu irin shuka da anka cuɗa da magani, wanda za ka gani ja ko shuɗi ko ruwan hoda. Wanga na ƙasa ne kaɗai, wanki ba ya fid da shi, kuma duk ɗan kasuwar da ya san mai saye tsiro zai yi ya kuma auna masa shi, alhaki yana wuyansa. Na uku hunhuna. A lura, saiwa tana da farin gashi siriri mai kama da auduga, in an zuba ruwa sai ya kwanta, ba shi da wari, wannan lafiya ne. Amma wadda ta yi toka-toka ko kore ko baƙi, tana wari, hannu yana santsi in an taɓa, a zubar da tiren duka. Kada a ce a yanke gefen da ya ɓaci. Dafin wata hunhunar yana taɓa hanta, kuma yana bi ta cikin nono ya kai ga yara.

Game da cin mutane, mu taƙaita. Mutanen Sin da Indiya sun daɗe suna cin tsiron wake iri-iri, kuma yana da amfani. Sai dai ɗumi da laimar da tsiro ke so su ne ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 a Jamus mutum dubbai sunka kwanta, kusan 50 sunka mutu, anka bi sawu anka tarar da ɗanyen tsiron hulba ne. Ƙasar da ke da asibitoci ke nan. Don haka a dafa shi, balle ga mai ciki da yaro da tsoho. Shi kuma ruwan ganyen alkama da wasu ke kirɓawa su tace su sayar a kwalba, suna cewa yana maganin ciwon sukari da ciwon daji, babu hujjar likita da ta tabbatar da haka. Ganye ne kamar sauran ganyaye. Ga zogale ga rama ga yakuwa a bayan gida. Mai ciwo kada ya bar maganinsa saboda kwalba.

Fasali a kan amfanin da ya fi kusa da aljihunmu

Yanzu ga inda muke son dillalai su buɗe kunne. Tsirar da ƙwaya ba da ƙasa ba ita ce hanya mafi araha ta sanin ko iri yana da rai, kuma mu masu sayar da iri mun fi kowa bukatarta.

Wata shekara da ƙarshen damina munka sayi irin albasa wurin wani baƙo. Baƙi wuluk, tsaf, ba ƙura, ko a tafin hannu ba ka raba shi da na bana. Munka rarraba wa manoman da munka daɗe muna hulɗa da su, wasu ma bashi. Bayan mako biyu sai ga su ɗaya bayan ɗaya: fangali ya yi fari, ɗai-ɗai ne sunka fito. Baƙo ya yi gaba. Kuɗi munka mayar, wannan mai sauƙi ne. Abin da ba mu iya mayarwa ba shi ne lokaci. Kafin su sami wani iri su sake zubawa, na farko sun yi nisa, albasarsu ta fito daidai lokacin da kasuwa ta cika ta tumbatsa. Akwai wanda har yau ba ya tsayawa a rumfarmu, kuma ba mu ga laifinsa ba. Daga baya munka gane abin da tsofaffin Gungawa masu albasa sunka riga mu sani: irin albasa gajeren rai gare shi, in ya shekara a zafin ƙasarmu yawancinsa ya mutu, alhali kamanninsa ba su sāke ba. Da munka san gwajin tsumma, da mako biyu da ɗan ƙyalle sun tsare mu.

Ga yadda ake yi. A ɗebi iri daga bakin buhu da tsakiya da gindi, a cuɗa, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. A jiƙa tsumma mai tsabta a matse, a jera su layi 10, kowane layi 10. A naɗe kamar tabarma, a ɗaure baki biyu, a rataye a inuwa inda ɓera da tururuwa ba su kai. Kusa da randa ya fi. A yayyafa ruwa safe da maraice, ya zama da laima amma ba ya ɗiga. Masara da wake da gero a buɗe ran kwana 5, a sake dubawa ran 7. Shinkafa a ba ta mako guda ko kwana 10. Albasa a yi haƙuri har kwana 12. Ba a ƙirga wadda ta kumbura kawai, sai wadda ta fid da saiwa da kai.

Ƙa'idar da muke bi a rumfarmu: hatsi in 80 ko fiye sunka fito, iri ne, a sayar da sunan iri. In tsakanin 60 da 80 ne, a faɗa wa mai saye gaskiya, ya ƙara yawan abin da zai zuba, mu kuma mu rage kuɗi daidai gwargwado. Misali wanda ya saba zuba mudu 8 na irin da 90 ke fitowa, in na bana 70 ne, yana bukatar mudu 10 da ɗan ƙari. Ƙasa da 60 kuwa ba iri ba ne, abinci ne, a kai shi layin abinci, in ba a cuɗa shi da magani ba. Albasa ana yi mata sassauci, 70 ma an gode. Malamanmu sun karantar da mu tun muna zaure cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa. Mutuwar iri aibi ce da ido ba ya gani, shi ya sa wanda ya sami hanyar ganinta ya ƙi dubawa ba mu san uzurin da zai kawo ba.

Shinkafa tana da sharaɗi biyu da ya kamata a sani, don kada a zalunci mai kaya. Shanshera sabuwar yanka wani lokaci takan yi barci, ta ƙi tsira sai ta yi makonni; in ta faɗi gwaji a jira a sake. Wadda anka turara kuwa ta mutu har abada, ko ƙwaya guda ba ta fitowa, kuma gwajin yana tona wanda ya gauraya ta cikin iri. Shekarar da ambaliya ta ci gonaki, irin ta 2020 da ta yi ɓarna a Jihar Kebbi, a ƙara tsananta gwaji, domin shinkafar da ta sha ruwa anka tsamo anka shanya takan yi kyau a ido alhali idonta ya ruɓe. Haka nan wadda anka shanya bisa kwalta da tsakar rana, da wadda ta kwana a shagon kwano jingine da bango tun bara. Irin da anka bari a zangarniyarsa a rataye a inuwa ya fi daɗewa da rai, kuma shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya ba mutanen Masar ke nan a shekarun yalwa.

Gwajin ba ya faɗa maka ko irin Faro 44 ne tsantsa ko an gauraya shi da wani. Rai kaɗai yake nunawa. Sanin asali yana ga amanar wanda ka saya wurinsa.

In cinikin babba ne, a naɗe tsumma biyu daga buhu guda a gaban shaidu, ɗaya ya zauna wurin mai kaya, ɗaya wurin mai saye ko shugaban dillalai, a rubuta ranar da sunan buhun a takarda a soke jikin kowane. A biya rabin kuɗi, sauran sai ran buɗewa. Baƙon da ya ce ba zai iya jira ba, a tambaye shi wa ya san shi a garin, wancan ya tsaya masa. Masu albasa su fara gwajinsu tun ruwa bai ɗauke ba, kwana 15 kafin ranar da manoma za su fara neman iri.